Famfon Benen Hajiya Uwaliya

Da hantsi aka iske Hajiya Uwaliya kwance a gindin matakalar benenta a Achida, bokiti a gefe, ruwa ya jiƙa mata zane. Kafin a kai ta asibitin Wurno rai ya yi halinsa.

Kowa ya ce ajali ne, ban da ɗiyarta Mashkura. Bayan an share makoki ta je wurin Sufeto Lawwali. Ta shaida masa cewa tun shigowar rani famfon banɗakin sama ya koma ɗiga kawai, shi ya sa tsohuwa ke saukowa ɗibar ruwan alwala. Ta rantse akwai hannun mutum a ciki.

Sufeto ya zo gidan. Tankin da ke bisa dogon ƙarfe a bayan gida cike yake. Famfunan ƙasa na zuba da ƙarfi. Na sama kuwa sai tsiyaya.

Ya fara da maƙwabci, Alhaji Mujaheed, wanda ake raɗe-raɗin ya ja bututu zuwa lambun albasarsa. Aka tona gindin katanga, ba a ga komai ba. Da sata ce ma, da famfunan ƙasa sun yi rauni su ma. Ya sallame shi.

Sai Uwaisu mai gyaran famfo, wanda ya haɗa bututun gidan. Ya ce sau da yawa Hajiya ta aika masa, amma duk zuwan da ya yi, Hanif, autanta bakaniken babur, ke tare shi a zaure ya ce an riga an gyara.

Sufeto ya sa Uwaisu ya bi bututun da ya hau bene. A bayan tarin buhunan gero suka iske wata gaɓa da aka yanke, aka ɗaure da igiyar robar tayar babur. Da aka kwance, ga faci irin na taya an cusa ciki, an huda shi da ƙusa.

Sufeto ya kira Hanif zaure.

"Mi ya hana ka barin mai gyara shi shiga?"

"Yallaɓai, Inna ba ta son baƙi."

"Ita ta kira shi. Mai gyaran famfo da gam yake liƙi, ba da robar taya ba. Ɓarawon ruwa kwasa yake, ba ya toshewa. Wanda ya yi wanga aiki ya san bayan buhunan nan, kuma so yake sama ta gagari mai zama. Wa ka shiga benen in Hajiya ta sauko?"

Nan Hanif ya amsa laifinsa. Aurensa ya matso, ya roƙi uwar ta bar masa saman, ta ce ba ta barin ɗakin da mijinta ya cika a ciki. Ya zaci in ruwa ya yi wuya za ta haƙura ta dawo ƙasa.

"Saukowa nike so ta yi," ya ce. "Ba irin wagga ba."

Mashkura na tsaye bakin ƙofa. Da aka fito da shi ya ce, "Yaya," sai ta juya fuskarta ga bango har motar 'yan sanda ta tashi da shi.