Wanda Bai Amsa Sallama Ba

Ruwan alwala kawai Malam Djibrilla ya sauka nema. Motar 'yarsa Oumaima ce ta yi zafi a kan dutse, suna komawa Greensboro ta Amurka daga yawon ganin yadda ganye ke sauya launi da kaka, ga magariba ta kawo jiki.

"Baba, babu network a nan fa. Kada ka yi nisa."

Ya ɗauki buta ya bi gangare. A ƙasa akwai tafki, baƙi ƙirin, duwatsu sun kewaye shi. Ba gida, ba fitila. Sai ƙamshin itacen fir da warin laka mai sanyi.

A ƙarshen wata gadar katako da ta shiga cikin tafkin wani mutum yana zaune, ya ba da baya, ƙafafunsa cikin ruwa. Farar riga, hula zanna. Ɗan gida, a wannan ƙungurmin daji.

"Salamu alaikum."

Mutumin bai motsa ba.

Malam ya tsufa yana koyarwa a lakkol, makarantar boko, a Damagaram, kuma bai taɓa barin ɗalibi ya haɗiye amsar gaisuwa ba. Ya maimaita da ƙarfi. Shiru. Ransa ya ɓaci.

"Bawan Allah, da kai nake. Amsa sallama wajibi ne. Zuwa Amurka bai sauke maka shi ba. Haƙƙina ne, kuma ba zan bar nan ba sai ka ba ni."

Kwaɗi suka yi tsit.

Amsar ba daga bakin mutumin ta fito ba. Daga ƙarƙashin katakon ta taso, muryoyi da yawa, maza da mata, a hankali, kamar masu magana da ruwa a baki.

"Wa alaikumus salam. Shigo, Malam."

Sai a lokacin ya tuna inda ake yin sallama. A ƙofar gida ake yi.

Ya duba ƙasa. Ba a kan gada yake ba. Babu wata gada. Ruwa ya kai masa gwiwa, ƙafafunsa kuma suna tafiya da kansu.

Ruwa ya kai ƙugu.

Mai farar rigar ya fara juyowa.

Can sama Oumaima ta danna ham ɗin mota, ta sake dannawa. Malam ya runtse ido, ya tattaro ɗan numfashin da ya rage masa.

"Ba shigowa zan yi ba," ya ce da raɗa. "Wucewa nake. A gafarce ni."

Wani abu mai sanyi da bai san ya riƙe shi ba ya saki idon sawunsa, yatsa bayan yatsa.

"To, a gai da gida," in ji muryoyin. "Ka kawo mana ziyara, mu ma muna nan tafe."

Da rarrafe ya hau gangaren, ba buta, ba takalmi ɗaya.

Yanzu a gidansu na East Greensboro akwai doka: ba a amsa sallama sai an leƙa taga an ga fuska. Maƙwabta suna cewa tsohon ya zama mai girman kai. Ba su san cewa wasu ranakun, daidai magariba, warin laka yakan shigo ta ƙasan ƙofa ba. Sai a yi sallama, cikin ladabi, a dakata, a sake yi.

Malam Djibrilla yakan zauna a kan darduma, ya toshe bakinsa da hannu biyu, domin amsar tana tasowa da kanta.