Ƙofar da Ta Kalli Surukai

A wani zamani, an yi wani ƙauye da mutanensa ke ta ƙaura. Waɗanda suka rage suka yi gayya, suka gina ɗakin matsar man gyaɗa na kowa da kowa. Maginin garin, mai ji da kansa, ya fitar da ƙofa bai tambayi kowa ba.

Ranar farko, ba macen da ta zo. Rana ta biyu, ba macen da ta zo. Gyaɗa ta fara lalacewa, gida uku suka ɗaure kaya.

Magini ya fusata, ya tare wata tsohuwa. "Iya, me ginina ya yi muku?"

Ta ce, "Ɗan nan, ƙofarka tana kallon durumin da surukan matan nan ke zama a gindinsa. Wace mai kunya za ta ratsa ta gabansu?"

Jama'a suka taru. Magini ya ɗaga diga kamar zai rushe ginin. Can sai ya sauke, ya miƙa wa tsohuwa gawayi.

"Iya, a kira matan. Inda suka zana, nan zan fasa."

Kafin Juma'a, ƙamshin ƙuliƙuli ya game gari, gida ukun nan suka kwance kayansu.