Tashar Sama Mai Fiffike Ɗaya

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan, don mai labarin kunya gare ta kamar ni. Ita ce ta ce in rubuta.

"Fiffike ɗaya, Hikima! Buɗe ido ki gani!"

Rim ta dire abin a kan keken ɗinkin Hikima, a ɗan ɗakinsu na unguwar Hindawiyya a Jidda. Kamar gwangwani yake, an harhaɗa shi da 'yan bulon wasan yara na lego, babban fiffike a gefe guda, ɗaya gefen wayam.

"Saurayinki Badr ya ce in kawo miki. Miskina... saƙon a fili yake. Umminsa ta rantse ba zai auri marar iƙama, takardar zaman ƙasa, ba. Tsuntsu mai fiffike ɗaya ina za shi?"

Inna Saudatu, wadda ke riƙon Hikima tun da suka zo umara suka zauna, ta tafa hannu.

"Karyayyen abu ake aiko wa budurwa? A garinmu wannan sallama ce! Halas, shi ke nan, ki cire shi a ranki."

Hikima ta dubi Rim. 'Yar kawun Badr ce, kuma kowa ya san ta daɗe tana sonsa.

Ta jawo abayarta, ta ɗauki abin.

"In sallama ce, daga bakinsa zan ji."

A shagon kayan wasan da yake aiki ta same shi, yana gyara wata tashar sararin samaniya ta lego a cikin gilashi. Haifaffen Jidda ne, Hausarsa sai ta jingina da Larabci.

"Hayati! Kin gani? Ya yi kyau?"

"Karyayye ka aiko mini, Badr..."

Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Karye? La wallahi! Haka take!" Ya karɓa da sauri. "Wannan ta gilashi Salyut ce, ta Rasha, ita ce ta farko. Taki Skylab, ta Amurka. Ranar da aka harba ta, fiffike ɗaya ya cire, rigar da ke kare ta daga rana ta yage. Ciki ya yi zafi kamar tanda. Har ana tsoron ta tashi aiki."

"Sai me?"

"Sai mata masu ɗinki suka ɗinka mata lema. 'Yan sama-jannati suka hau da ita, suka buɗa, tasha ta huce, suka zauna ciki wata da watanni. Na ce wa Rim ta gaya miki lemar ce ta rage, hannunki nake so a kai. Ba ta faɗa ba?"

Hikima ta lumshe ido, hawayen da ta danne tun daga gida suka zubo.

"To, Ummi fa?"



"Ina lallaɓa ta, rabin raina. Ki ba ni lokaci..."

"Ka daɗe kana lallaɓawa." Ta amshe tashar daga hannunsa. "Zan ɗinka. Amma ba kai zan kawo wa ba."

Washegari da safe ta tsaya a ƙofar gidansu Badr a unguwar Mahjar. Ta shiga ta durƙusa gaban Ummi Mariyamu, ta ajiye tashar, 'yar lema ruwan zinare shimfiɗe a bayanta.

"Ummi, ni ce Hikima. Ba ni da iƙama, ba zan ɓoye ba. Ina da sana'a, ina da mutunci, kuma ina son ɗanki. Gara ki ƙi ni bayan kin gan ni."

Rim da ke gefe ta taɓe baki.

"Shufi, dubi ƙarfin hali!"

"Uskuti, rufe mana baki," in ji Ummi.

Ta ɗaga lemar, ta juya bayanta, ta bi bakin ɗinkin da farce. Ta daɗe tana kallon yarinyar.

"Shi wawan nawa shekara guda yana kame-kame, ke kin zo da ƙafarki." Ta turo mata kofin shayi. "Sha, 'yata. Wa za mu samu a gidanku?"

Hikima ta karɓa da hannu biyu.

"Inna Saudatu... amma a fara yi mata bayanin fiffiken."