Mangwaro A Kan Garin Kwaki

"Me ka ce ka sha?"

Hafizu ya ɗago, bakinsa duk ruwan mangwaro, ƙwallo na uku a hannunsa. "Garin kwaki mana. A Kwanar Dangora na tsaya na jiƙa, yunwa ce ta..."

Farantin mangwaron ya suɓuce daga hannun Ramla.

"Innalillahi! Na kashe ka, Hafizu! Da hannuna na ba ka!"

Duk garin Yako har yaro ya san ba a haɗa mangwaro da garin kwaki a ciki ɗaya. Amma a gidan su Ramla maganar ta wuce ji a bakin mutane. Shekara shida ke nan da yayanta Mujitaba ya haɗa su da rana, washegari da hantsi aka kai shi makwancinsa. Ma'aikacin asibiti ya ce amai da gudawar da ake fama da ita ce. Inna ta ce ta ji, ta sa aka sare bishiyar tsakar gida, ta kuma hana a shigo mata da mangwaro. Na yau ma a ɓoye Ramla ta saya saboda masoyinta.

"Haba sanyin idona, ni fa tun ina yaro nake..."

"Yi shiru! Yayana ma dariya yake yi ranar!"

Shekara guda Hafizu yana zirga-zirga a babur daga Doguwa, Inna na kan bakanta: ta rasa ɗa guda, ba za ta kai ɗayar nesa ba. In ta ji an karya mata doka saboda shi, zance ya ƙare. To amma ina amfanin aure in babu ango? Ramla ta ruga cikin gida tana ihu.

Inna, wadda ko ƙarar babur ɗinsa ta ji sai ta shige ɗaki, sai ga ta a zaure ko mayafi babu, kwalbar manja a hannu ɗaya, ludayi a ɗayan.

Hafizu ya zube. "Inna, ina wuni..."

"Bar gaisuwar nan, buɗe bakinka!"

Ya dubi Ramla, ya ga yadda hawaye ya wanke mata fuska. Ya buɗe. Ludayi uku cur bawan Allah ya shanye.

Aka zauna jira, kuma wallahi babu abin da ya kai jira azaba. Ya gyara zama, Ramla ta zabura. Ya haɗiyi yawu, ta ce, "Cikin ne?" Can gumi ya keto masa. Wa zai sha manja haka bai yi gumi ba? Amma a idonsu alamar farko ke nan. Ya jingina da bango ya lumshe ido.

Inna ta cafki hannunsa tana girgizawa.

"Kada ka yi barci! Buɗe idonka, Mujitaba! Ka ji ni, Mujitaba!"

Kukan Ramla ya tsaya cak. Tun da ta zo duniya ba ta taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba. Ɗan fari ne. "Yaron nan" take ce masa, har ranar da aka ɗauke shi.

Hafizu ya buɗe ido a hankali. "Na'am, Inna. Ina nan, babu inda za ni."

Tsohuwar ta fashe da kukan da ta yi shekara shida tana haɗiyewa.

Ba ta sake shi ba har aka kira magariba. Ya miƙe garau, ya ce alwala zai yi. Sai a lokacin Inna ta lura da kanta: ba mayafi, ga hannun saurayin 'yarta a nata. Ta ja gefen zani ta rufe kai, ta yi ciki da sauri. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ramla, gaya wa baƙonki, mai irin wannan ganganci ba a barinsa babu mai kula da cikinsa. Ya turo manyansa wajen kawunki ranar Juma'a." Ta goge ido da gefen zani. "Kuma in ya isa Doguwa, ya kira a shaida mini ya sauka lafiya."