Zakiya da Gurbin da Ba a Fasawa

Shayin da ke gaban Zakiya ya huce ba ta taɓa shi ba. A falon Hajiya Haifa take, a unguwar Safa, uwar Rayan ke nan, saurayin da aka yi musu baiko bara. Kwamfuta na kan cinyarta, tana yi wa surukar tata da Ruba, ƙanwar Haifa, bayani da Larabci, don shi ne harshen da bakinta ya saba da shi.

"Khala, hanya biyu ce ta neman jami'ar da wuri. Ɗaya mai ɗauri ce. In sun ɗauke ni, shi ke nan, dole in tafi Amurka shekara huɗu, in janye takarduna daga ko'ina. Ɗayar ba ɗauri, ina iya ƙi in zauna a nan Jidda. Sai dai an fi samun shiga ta mai ɗaurin."

"Mai ɗaurin za ki cike, ya binti, 'yata," in ji Haifa, tana shafa mata kai. "Kwanya irin taki a bar ta a unguwarku ta Nuzla? Haram."

Daɗi ya kama Zakiya har idonta ya cika. Sai matar nan ta juya wajen Ruba, murmushin bai ko bar fuskarta ba, ta koma Hausa.

"Bar ta ta ɗaure kanta da hannunta. Jirginta na tashi zan nema masa 'yar gidan mutunci. Ni in haɗa jini da masu tallar gyaɗa?"

Kai, mutum mugun abu ne. Hannunta fa yana kan yarinyar har lokacin! Ita a zatonta haihuwar Jidda ba ta jin Hausa. Ba ta san a ɗakin kakarta A'i Zakiya ta tashi ba, wadda da kuɗin gyaɗar nan ta sa ta makaranta. Ƙyama ta kama Zakiya, turaren matar ma ya koma mata wari. Ta sauke hannun a hankali, ta ce da gurguwar Hausarta:

"Na ji, Khala. Na gode da shayi."

Ruba ta sunkuyar da kai. Haifa kuwa ko kunya, sai gyaran gyale.

Da la'asar Rayan ya taso daga aikinsa na tashar jiragen ruwa, ya same ta a ƙofar gidansu ido ya kumbura. Ta gaya masa komai.

"Marar ɗaurin zan cike. Ba inda za ni, sai ta mutu da baƙin ciki."

"Kada ki ƙara faɗin haka, uwata ce," in ji shi. "Abin da ta yi ƙazanta ne, wallahi ni ma kunya nake ji. Amma tun kina aji ɗaya kike mafarkin makarantar nan. Ki yar da ita don ki ƙuntata wa wani?"

"In na tafi ta aurar da kai fa?"

"Ni buhun shinkafa ne? Cike mai ɗaurin. Yalla."

Ta cike, tana kuka. A Disamba aka ɗauke ta.

Shekara huɗu Haifa tana jera masa 'yan mata, har da cutar ƙarya ta kwanta. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ya kai ta asibiti, ya sumbaci goshinta, ya ce, "Ummi, ina da mata, karatu take." Zakiya ma ta sha kuka a cikin sanyin ƙasar mutane, amma kowace sallah sai ta kira surukar ta gaishe ta.

Da ta dawo da digirinta, mahaifin Rayan ya sa rana, ya kuma ce Haifa da ƙafarta za ta kai kayan aure Nuzla. Ta je, ta zauna a tabarmar A'i, ta gaishe ta da Hausa, kanta a ƙasa.

'Yan'uwa, makirci bai raba abin da Allah Ya haɗa. Wanda ke sonki da gaske ba zai ce ki zaɓa tsakaninsa da iliminki ba, haƙuri zai yi ya jira ki.