Hoton da Muhyiddeen Ya Goge

Yammacin ranar bai bambanta da sauran ba. Batulu tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, rana ta yi ja a bayan benayen da ba a gama ginawa ba, masu tura kurar ruwa suna komawa gida. Ranar bikin 'yancin kai ce, tun safe kuma rediyo yake shelar cewa bayan isha'i za a yi wasan wuta a tsakiyar birni. A shekarun nan Abuja ba ta rabo da biki, kowa ya samu, kowa yana so a ɗauke shi hoto.

Mijinta Muhyiddeen mai hoto ne a Durumi, mutum mai ji da idonsa. Bai daɗe da jingine tsohuwar kyamararsa mai fim ba, ya sayi ta zamani, wadda kana ɗauka kana gani a ɗan gilashin bayanta, abin da bai yi maka ba ka goge. Gogewar nan ita ta fi tafiya da hankalinsa, har yakan ce shi da kuskure sun yi sallama. Da aka idar da magariba ya saɓa jaka, 'yarsa Khairat mai shekara goma sha biyu ta nace sai ta bi shi. Ita kaɗai Allah ya ba su, ba ya iya hana ta komai.

Akwai wani tudu a bayan unguwar, kufan ƙauyen da aka tasa lokacin da ake shata birni. Mutane ba sa bi ta wurin in rana ta faɗi. Shi kuwa abin da ya kai shi ke nan, domin hoton dare ba ya son fitila a kusa. Ya shiga kufan ba sallama ba bisimilla, ya kafa sandarsa mai ƙafa uku a tsakiyar wani rusasshen ɗaki, ya ɗora kyamara.

Hoton wasan wuta ba a ɗaukarsa da gaggawa. Kashe filasha ake yi, wato hasken kyamara, a bar idon kyamara a buɗe, tun daga tashin wutar har ta fashe ta zubo, sannan a rufe. Haka ya yi ta yi, sama tana tsagewa da ja da kore, Khairat tana tsalle tana tafi. Can aka harba wata babba, ruwan zinare, ta cika sararin sama. Muhyiddeen ya bar idon a buɗe fiye da kullum, zuciyarsa tana gaya masa wannan ne hoton da zai kafa a ƙofar shago.

Da ya duba gilashin sai ya ga wutar ta fito yadda yake so, amma a ƙasan hoton akwai fuska. Ƙaramar fuska ce ta yaro, kusa ƙwarai, baki a sake don mamaki, idanun a tsage daga sama zuwa ƙasa. Ya waiga, babu kowa sai Khairat a bayansa. Gaskiyar magana haushi ya fi tsoro yawa a ransa, an ɓata masa hoto. Ya danna gogewa. Kyamarar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya sake dannawa. Wani ɗan sauti ya fito siriri, kamar an taka ɗan tsako, daga nan shiru.

Washegari da almuru dutse na farko ya faɗo a kan kwanon gidan. Batulu ta fito tana zagin yaran maƙwabta, ba ta ga kowa ba. Duwatsun suka ci gaba, kullum daga faɗuwar rana, kuma duk wanda aka tsinta da ɗumi. Bayan su sai murya ta biyo, muryar mace tana zagaya katanga a hankali, tana kira irin kiran da uwa take yi in yaro ya yi dare a waje.

"Yamusa. Yamusa, zo gida."

Babu mai wannan suna a layin. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗebo wuta. Muhyiddeen ya san inda abin ya samo asali, amma ya ja bakinsa ya tsuke, ko Batulu bai gaya wa ba.

Sai abin ya koma kan Khairat. Ta daina ci, ta daina dariya. Da magariba ta yi sai ta ɗauko jakar kyamara ta rungume, tana jijjiga ta tana rarrashi da wata murya ta tsohuwa. Ranar da ubanta ya yi niyyar karɓewa, da hannu ɗaya ta maka shi da bango. A ranar ya hau mashin zuwa Dei-Dei ya ɗauko Malam Zakiyyu, wani dattijo Bakatsine da aka sani da aikin fitar da aljanu.

Malam ya sa aka kwantar da yarinyar a tabarma, aka kunna fitila, Batulu ta danne kafaɗunta. Ya daɗe yana karatu a kunnenta, ɗakin ya yi tsit, har duwatsun suka tsaya. Can jikin ya sandare, bakin ya buɗe.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Uwar Yamusa."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta nake nema." Kan yarinyar ya juya a hankali wajen Muhyiddeen. "Ɗana bai taɓa ganin wuta a sama ba. Na hana shi fita, ya sulale. Ya tarar da wani ido a tsakar ɗakinmu, a buɗe, ba ya ƙiftawa. Ya leƙa, idon ya rufe da shi a ciki. Ban zo faɗa ba. Buɗe ka ba ni ɗana in tafi."

Malam ya dube shi. Muhyiddeen ya faɗi gaskiya.

"Na goge hoton."

"Ka goge shi zuwa ina?" in ji muryar.

"Ba ya zuwa ko'ina, baiwar Allah. In an goge, shi ke nan. Wallahi ban sani ba."

Kukan da ya fito daga bakin Khairat ba na mutum ba ne, amma duk uwar da ta ji shi za ta gane shi. Batulu da kanta sai da ta yi hawaye. Da kukan ya lafa, muryar ta dawo a sanyaye, sanyin nan kuma ya fi kukan ban tsoro.

"Ido ya ci ɗana, ido zan ɗauka. Naka, ko na wannan da nake ciki. Zaɓi."

"Ɗauki nawa!" Batulu ta ƙwalla.

"Ba ke na tambaya ba."

Allah ya sani Muhyiddeen yana son 'yarsa. Ya buɗe baki zai ce nasa, sai ya hango shagonsa a kulle, ya hango kansa ana ja masa sanda a bakin titi, shi da ya rayu da ido. Harshensa ya yi nauyi. Ya ce a ransa bari ya ja numfashi ɗaya tukuna, ya ja, ya sake ja, maganar ba ta fito ba.

"Kada ka amsa mata!" Malam ya daka tsawa. "Ba a ciniki da su."

Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Muhyiddeen, kuma a take ya ji kunyar sanyin. Muryar ta yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Malam, ka makara. Ai ya riga ya amsa."

Duk mai wannan aiki ya san ba a barin aljani ya fita ta ido, domin da gani yake tafiya. Malam ya damƙe babban yatsan ƙafar yarinyar, ya ɗaga murya da karatu, gumi yana zuba daga gemunsa.

"Ta nan za ki fita, ta yatsa! Ki rantse ba za ki dawo ba!"

"Na rantse ba zan dawo ba," in ji muryar. "Me zan dawo yi?"

Jikin ya girgiza sau ɗaya, idanun suka buɗe fal, suka kafe, sannan komai ya saki. Malam bai ji komai ya wuce ta yatsan da yake riƙe da shi ba. Ya sake shi a hankali, ya sunkuyar da kai.

Gidan ya yi shiru irin wanda aka daɗe ba a ji ba. Khairat ta motsa, ta lalubo hannun uwarta. Fitila tana ci dab da fuskarta.

"Mama, an ɗauke wuta ne?"

Batulu ta toshe baki da mayafi. Muhyiddeen ya rarrafo ya durƙusa, ya kama hannun 'yarsa yana kiran sunanta. Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa, ta ɗan saɓa, tana kallon bango. Ba ta yi kuka ba, ta dai zare hannunta daga nasa.

"Baba, ina ciki ina jin komai," in ji ta. "Na yi ta jira ka yi magana."