Hannun Gindin Ginshiƙi na Uku

Kallo kyauta? Wa ya gaya miki, 'yata? Mai tsaron shingen dandamali a gidan kiɗa ba ya kallo. Zauna a kan akwatin nan, naman bai gasu ba tukuna, in ba ki labarin Griselda.

Tun tana 'yar shekara goma sha biyar take bin kiɗan rok, irin na jita da ganga. Duk inda makaɗan unguwar Ludueña suka je tana sahun gaba, gumi sharkaf, murya a dishe. Sai aka rufe masaƙar da take aiki, ta yi wata bakwai a zaune. Ranar da aka ɗauke ta aiki a wannan tsohon siton alkama da aka mayar gidan kiɗa, har rawa ta taka a gaban murhuna.

Wata Lahadi ta fara, da yamma, rana ta yi ja a kan kogi. Doña Mirta, shugabar masu tsaro, ta miƙa mata riga ruwan ɗorawa da audugar toshe kunne.

"Bayanki ga dandamali, idonki a kan jama'a. Kika waiwaya, ko kika bar wurinki, ki ajiye min rigata."

"Ko sau ɗaya? Mutanena ne fa za su yi wasa yau."

"Siririya, aiki kika zo ko biki?"

Griselda ta sa rigar. Tana tsaye tana cika tana batsewa, sai ga Don Anselmo, tsohon da ke share wurin, da ƙoƙon shayinsa na mate a hannu. Ya yi ƙasa da murya.

"Yarinya, kin ga ginshiƙi na uku? In jama'a suka dare a gindinsa, kika ga hannu, ki kau da kai."

"Haba Don Anselmo. Wanda ya faɗi ɗaga shi ake yi. Ko ɗan jiya ya san wannan."

Gaskiyarta. A cikin turmutsutsu ba ma tambayar sunan wanda ya faɗi, hannu muke ba shi.

Tsohon ya zuƙi shayinsa. "Ni dai na faɗa."

Aka buɗe ƙofa, wuri ya cika maƙil. Jita ta yi kuka a bayanta, ganga tana dukanta a tsakiyar baya. Ita kuwa ba abin da take gani sai bakunan mutane a buɗe, suna rera waƙoƙin da ta fi su iyawa. Wani mai gemu ya leƙo ta saman shinge.

"Ke mai rigar ɗorawa, juya mana ki ga abin da kike asara."

Ta miƙa masa ruwan da masu tsaro ke raba wa jama'a, kamar ta watsa masa.

Da aka shiga waƙa ta shida, wadda ta fi so, wuyanta har ciwo yake don son juyawa. A nan ta fara jin warin. Ba gumi ba, ba giya ba. Warin alkama ce da ta jiƙe ta ruɓe.

Ta duba. A gindin ginshiƙi na uku jama'a sun dare, fili kamar faɗin tabarma. Ba wanda ke kallon wurin. Suna tsalle suna kewaye shi, ba su ma san suna yi ba.

Hannu ne a ƙasa, a miƙe, yatsu a ware.

Ba tunani ta yi ba. Jikinta ne ya tsallake shingen. Ta kutsa, ta durƙusa, ta cafke shi.

Sanyi ƙalau. Ƙaiƙayi a tsakanin yatsun.

Sai ta nemi mai hannun. Babu kafaɗa, babu kai. Daga cikin simintin ya fito.

Kiɗan ya ɗauke mata ɗif. Sai wani shuuu, kamar ana zazzage buhu.

Hannun ya ja ta.

Simintin ya yi laushi. Hannunta ya nutse har gwiwa, hatsi yana gogar fatarta.

Daga ƙasa wata murya ta raɗa, a shaƙe: "Kin daɗe."

Har kafaɗa. Kumatunta ya taɓa ƙasa. Ta buɗe baki, ƙura ta cika shi.

Sai ta ji an damƙi rigarta ta baya. Wani ya kama ɗamararta, wani ƙafarta. Jama'a ne. Sun ga mutum a ƙasa, shi ke nan. Mai gemun nan yana cewa, "Ku ɗaga ta, ku ɗaga 'yar'uwa." Suka fizge ta gaba ɗaya, ta ji yatsun suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Suka ɗora ta bisa kawunansu, hannu zuwa hannu, har suka dire ta a bayan shinge.

Doña Mirta tana tsaye tana jiranta.

"Ranar farko, kin shiga rawa?"

Griselda ta zazzage hannun rigarta. Baƙar alkama ta zubo a kan takalmin matar. Doña Mirta ta dube ta, ta dubi ginshiƙin.

"Koma wurinki. Kuma ban ga komai ba."

Ta koma, bayanta ga dandamali, har aka tashi. Ko ƙeyar makaɗan ba ta gani ba.

Daga baya Don Anselmo ya ce mata ramin hatsi ne a wurin kafin a zuba siminti. Wasu sun ce ɗan dako ne alkama ta binne, wasu sun ce abin ya riga siton zuwa.

Tana nan tana aikin, shekara huɗu ke nan, don ba ta da wani. Amma yanzu in mutum ya faɗi, sai ta ga fuskarsa take miƙa hannu. Bara wata yarinya ta karye a haƙarƙari a cikin wannan ɗan jinkirin. Griselda ta zo nan ta zauna, a kan akwatin da kike kai, ta ce min, "Su da suka ɗaga ni ba su duba fuskata ba, Doña Chela."

Bari in tashi, 'yata. Ga mutane sun yi layi, burodin ma yana neman ƙonewa.